Tsawar da Ban Yi wa Malam Ba

A shekarata ta uku a Manchester zama ya gagare ni. Rubutun digirina ya tsaya cak a babi na huɗu. In na zauna gaban kwamfuta minti goma sai in ji kamar kujerar tana cizona. In tashi in ɗora shayi, in manta da shi, in zura riga in fita Wilmslow Road, in taka daga Rusholme har Fallowfield in dawo, ban sayi komai ba, ban je wajen kowa ba. Wuri ɗaya ne hankalina yake kwanciya, filin ƙwallon da mu ɗaliban Arewa muke haɗuwa ranar Asabar da hantsi. Can ɗin ma daga baya aka hana ni sakat, kuma wani dattijo ɗan Sifaniya ne ya jawo.

Mun jima muna ganinsa a jikin wayar filin, dogo, kai fari fat, hannu cikin aljihu, yana kallonmu kamar wanda haƙori yake damu. Ran nan aka zura mana wata ƙwallo ta wulaƙanci, sai ga shi ya buɗe ƙofa ya shigo, yana ɗan jan ƙafar hagu. Golanmu, wani Bazazzagi da bakinsa ba ya mutuwa, ya dube ni ya ce, "Kai Bakano, wannan kuma kawunka ne?"

Dattijon bai gaishe mu ba ma. Da Turancinsa mai nauyi ya ce mu huɗun da muke baya ba 'yan baya ba ne, mutum huɗu ne kawai suke jiran bas a wuri ɗaya. Raina ya ɓaci, don ni ina ji da kaina a tsaron baya tun ina buga ƙwallon unguwa ba takalmi. Na tambaye shi ko shi waye. Ya ce shi ɗan baya ne, sana'ar da ya yi ke nan tun yana saurayi har gwiwarsa ta ƙi, daga nan ya koma horarwa. Ba mu yarda ba sai da Bazazzagin ya laluba a waya ya zaƙulo wani tsohon hoto, ga shi nan da gashin baki da gajeren wando, ya yi tsalle sama da kowa. Daga ranar sunansa ya koma Koci.

Abin da ya zo mana da shi igiyar shanya ce. Wallahi igiyar shanya, sabuwa, shuɗiya. Ya jera mu huɗu ya ce kowa ya riƙe, in ɗaya ya yi gaba kowa ya yi gaba, in igiya ta lanƙwashe wani ya yi laifi. Dabararsa ita ce, da zarar abokan hamayya sun mayar da ƙwallo baya, mu huɗun mu tako gaba a tare, mu bar ɗan gabansu a bayanmu ya yi satar gida. Amma fa sai da murya. Mutum ɗaya ne zai riƙa kallon layin, ya daka tsawa, "Fita," in kuma akwai wanda ya maƙale a baya ya kira sunansa da ƙarfi. Bayan sati biyu ya nuna ni da yatsa ya ce ni ne muryar, wai ina ganin abu kafin ya faru. Na ji daɗi har kaina ya ɗan kumbura, ban tsaya na tuna wanda yake tsaye a damana ba.

Malam ne a damana. Shi ya koyar da ni a jami'a a gida, shi ya duba aikina na ƙarshe, shi ya rubuta mini takardar shaidar da ta kawo ni ƙasar nan. Ranar da na sauka shi ya tarbe ni, sati biyu na yi ina kwana a falonsa kafin in sami ɗaki. Ya girme ni da kusan shekara ashirin, digirin nasa a makare ya zo yi. Shi ya tara mu ya fara wannan ƙwallon Asabar ɗin, shi ne kyaftin, kuma shi da bakinsa ya ce abin da Koci ya ce shi za a yi, har da shi. Ban taɓa kiran sunansa ba. Ko yanzu da nake rubutun nan hannuna ba zai iya ba.

Malam ya iya ƙwallo, kada a ɗauka lallaɓa shi muke yi. In ta zo a sama tasa ce, in ya sa ƙafa ba ya kuskure. Sai dai ƙwallon zamaninsu ya koya, inda mutum ɗaya yake tsayawa bayan kowa yana share duk abin da ya wuce. Da ya ga haɗari ƙafafunsa suke ja da baya da kansu. Koci ya yi masa bayani ya fi a ƙirga, Malam ya gane sarai, har shi yake ƙara fassara wa sauran. Amma da an hura usur, ido na kan ƙwallo, sai ka waiga ka gan shi taku uku bayanmu, ɗan gaban abokan hamayya na tsaye kusa da shi hankali kwance.

Ni kuma ga yadda tawa tsawar take fita: "Allah ya gafarta Malam, da za a ɗan matso gaba." Kafin in kai ƙarshen maganar an wuce mu, Bazazzagi yana ɗauko ƙwallo daga raga yana ce mini, "Ka manta ba ka tambaye shi iyali ba." Na ce to shi ya yi mana, tunda yana da baki. Ya ce, "Ni? Matata a gidansa take wuni. Rufa mini asiri." Sauran biyun ma ko kallon inda Malam yake ba sa yi in ya yi kuskure, kowa sai ya shiga gyara safa.

Wata Asabar bayan an tashi na bi Koci har wurin tsayawar bas a Fallowfield. Na yi masa bayani iyakar iyawata, cewa a wajenmu ƙarami ba ya ɗaga wa babba murya, ba ya kiran sunansa gatsau, balle malaminsa. Ya saurare ni har na gama. Bas ɗinsa ta zo, ya bar ta ta wuce. Sai ya fara ba ni labarin kansa, wanda bai taɓa yi ba.

Ya ce shi bai taɓa zama mai gudu ba, ko yana da ƙuruciya. A wata ƙaramar ƙungiya ta arewacin ƙasarsu ya fara, garin da ruwan sama yake kamar na nan. Bai cika ashirin ba aka sa shi kusa da kyaftin ɗinsu, wani tsohon hannu da ya kusa ajiye takalmi, mutumin da hotonsa yake manne a ɗakinsa tun yana makaranta. Mai horar da su ya ce shi ne zai riƙa yi wa kyaftin ɗin tsawa. Wasa uku ya yi bai iya ba. A na huɗu ya yi, da suna da komai, har da zagi. Sai ga kyaftin ɗin ya ƙara shekara biyu yana bugawa, don ya sami wanda yake gani masa bayansa. Shi kuwa Koci da baki ya ci abinci duk tsawon wasansa. Ƙungiyoyi ƙanana ya yi ta zagayawa, sau ɗaya ya leƙa babban rukuni, can ma benci ya fi ɗumamawa. Da gwiwa ta tafi ya horar da matasa, ya zama mataimaki, aka ba shi ƙungiya tasa aka kore shi kafin kaka ta ƙare. Yanzu yana zaune wajen 'yarsa mai aikin jinya, yana kai jikoki makaranta. Ya faɗi wannan duka ba tare da ya canza murya ba, yana kallon hanya.

Sannan ya ce, "Wasan Birmingham ba zan sake tsari ba. In layi ya karye sau biyu, wanda yake baya zan cire. Kai ba zan cire ka ba, ba ni da wani mai ido. Shi zan cire."

Wasan Birmingham kuwa shi ne babban wasanmu. Duk shekara bayan babbar Sallah muke karawa da 'yan uwanmu na can, bana su zo, baɗi mu je. A wannan shekarar mu ne masu tafiya can, saura sati biyu. Kuma shi ne wasan Malam na ƙarshe, don ya kare digirinsa, an tafa masa, tikitin komawa gida yana hannu. Tun watanni yake maganar wasan nan. Har sabon takalmi ya saya, a shekarunsa, don wasa ɗaya.

Sati biyun nan ban yi wa kaina aikin komai ba. Na buɗe babi na huɗu na rufe ya fi sau hamsin. Ina tafe a hanya ina motsa baki. A ɗaki na gwada, na tsaya gaban madubi na ce "Fita" da ƙarfi, kalmar ta fita lafiya lau, har maƙwabciyata ta buga bango. Da na zo kan sunan sai na kasa, ni kaɗai a ɗaki, ba mai ji. Na ce to bari in bar sunan, in riƙa cewa "Malam" kawai da ƙarfi. Na gwada a atisaye, mutum biyar suka waigo, don rabin ƙungiyar malamai ne a gida. Shi kaɗai ne bai waigo ba. Haushin kaina ya kama ni, haushin Koci ya kama ni, har Malam ɗin na ji haushinsa, na riƙa cewa a raina mutum da furfurarsa me ya kai shi tsakiyar baya, bai koma gefe ya riƙa ba mu shawara ba. Sai kuma kunyar wannan tunanin ta kama ni, in sake zura riga in fita.

Ana saura kwana uku na yanke shawarar in je in same shi, in nemi izini a gaba. Na tsara maganar a hanya tsaf. Na tarar da falon cike da kwalaye, matarsa Hajiya tana naɗe kwanuka da tsofaffin jaridu. Ta ce, "Ka zo a daidai," ta zubo mini tuwon shinkafa da miyar kuɓewa. Malam yana zaune a ƙasa yana ware littattafai, ya tura mini tuli guda ya ce in ɗauka za su yi mini amfani. Ya tambaye ni babi na huɗu, na yi ƙarya na ce yana tafiya. Ya ɗauko sabon takalmin ya nuna mini ƙasansa, yana murmushi. Ya ce, "Ran Asabar ni da kai ne a tsakiya. Ba wanda zai wuce." Na ce, "In sha Allahu, Malam." Na ci tuwo, na ɗebi littattafai, na yi godiya na fito. Na kai bakin titi na juya zan koma, na tsaya a ƙofar ginin na kai minti biyar, sannan na tafi.

Da jirgin ƙasa muka tafi da sassafe. Kowa yana hira ana tsokanar juna, ni na kasa zama. Na je bayi sau uku ba don ina ji ba. Koci yana can gefen taga da 'yar takardarsa, sau ɗaya ya ɗago ya dube ni, ya nuna maƙogwaronsa da yatsa, ya koma kan takarda.

Filin yana Selly Oak, bayan wasu gidajen ɗalibai, ana yayyafi. Mutanen Birmingham sun fito da iyalansu, an kafa 'yar rumfa, ƙamshin dafa-duka yana tashi. Ƙungiyarsu rabi irinmu ne, rabi haifaffun can, 'ya'yan likitoci da ma'aikata, manya da gemunsu, Hausarsu a karye, Turancinsu na hanci. Abin da ya fara ba ni mamaki, waɗannan ba ruwansu. Ina ji wani yana yi wa sa'an babansa ihu da suna, shi kuma yana gudu yana bin umarni. Ɗan gabansu ɗaya daga cikinsu ne, siriri, mai gudun tsiya. Minti biyar bai cika ba ya gano inda ƙofa take, ya je ya manne wa Malam.

Ƙwallon farko da suka ci mu ina ganinta tun daga nesa. Suka mayar da ƙwallo baya, mu uku muka tako, igiyar da ke kaina ta lanƙwashe. Na waiga, Malam yana baya. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne "Malam," a hankali, irin yadda ake tashin mai barci. Aka ɗago ƙwallon ta samanmu, siririn ya fita da ita, mai tuta bai ko motsa ba. Bazazzagi ya ɗauko ta daga raga, wannan karon bai yi tsokana ba. Malam ya tafa hannu ya ce, "Ba komai, a dage." Ban dubi inda Koci yake ba, amma na san ya ƙirga ɗaya.

Daga nan na shiga wata dabara ta wauta. Maimakon in kira Malam gaba, sai na riƙa jan sauran baya don mu daidaita da shi. Muka koma bakin ragarmu muka taru, suka yi ta yi mana ruwan ƙwallo. Koci yana ta ɗaga hannu yana tura iska, mu fito, mu fito. Muka fito.

Ana dab da hutun rabin lokaci ta biyun ta zo, irin ta farko sak. Wannan karon na shirya. Na ja numfashi har ƙirjina ya cika, sunan yana kan harshena, na rantse yana kan harshena. Na juya. Shi ma a daidai lokacin ya juyo, ruwa yana bin furfurar gemunsa, yana haki, muka haɗa ido. Ban taɓa haɗa ido da shi haka ba. Na sunkuyar da kai, a tsakiyar wasa, ƙwallo tana sama. Da na ɗago sai na kwasa da gudu in tare da kaina, na bar wurina a buɗe, siririn ya ratsa tsakaninmu ya zura ta biyu.

A hutun muka taru gefen fili. Koci bai yi faɗa ba, bai ma kalle ni ba. Ya je ya dafa kafaɗar Malam ya yi masa magana ƙasa-ƙasa. Malam ya gyaɗa kai. Ya zare ƙyallen kyaftin daga damtsensa ya miƙa wa Bazazzagi, ya ɗauki rigar sanyinsa ya sa, ya ja zif har wuya. Na so in ce a cire ni a bar shi, wannan ma ban faɗa ba.

Wanda aka sa a madadinsa wani sa'ana ne, ɗan Bauchi, muna ofis ɗaya. Ai kuwa ranar ya ji a jikinsa. Duk abin da na haɗiye sati biyu a kansa na sauke. Na kira sunansa, na kira na unguwarsu, na tura shi da hannu, na yi ta tsawa har muryata ta dishe. Layin ya miƙe kamar an ja shi da zare. Siririn ya yi ta faɗawa satar gida, tuta sama, tuta sama, har ya fara zage-zage. Muka rama ɗaya. Ina cikin jin daɗin abin, ina ganin ashe haka Koci yake nufi, sai na waiga gefen fili. Malam yana tsaye shi kaɗai, nesa da rumfa, hannu cikin aljihu, sabon takalmin yana ƙafarsa. Duk tsawar da nake yi a kunnensa take. Aka tashi biyu da ɗaya.

Muka yi sallar azahar a ƙarƙashin rumfa, aka raba abinci. Na ɗauki faranti na zuba masa, na same shi a kan wani benci yana kankare taɓon takalminsa da tsinke. Na durƙusa na ajiye. Bai ɗago ba.

Ya ce, "Ashe kana da murya."

Na tsura wa takalmin ido.

Ya ce, "Ina ta jira. Tun daga usur na farko kunnena yana wajenka. Na san ƙafata tana ja da baya, ni ba na ji in tana yi. Na ɗauka kai za ka ji mini."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ba zan iya ba ne."

Ya ce, "Na sani." Ya juya takalmin ya ci gaba da kankara. "Ɗan Bauchi ka yi wa. Shi ya buga wasan har ƙarshe."

Da ya yi mini faɗa da na fi samun sauƙi. Na tsaya a durƙushe, na rasa abin da zan yi da hannuwana. Ya gama, ya sa takalman a leda, ya cusa a jaka, bai taɓa abincin ba. Aka fara kiran mu taho kada jirgi ya tafi ya bar mu. Ya miƙe, na yi sauri na kai hannu zan ɗauki jakarsa.

Ya riƙe igiyar jakar ya ce, "Bar shi. Zan iya."

Ya rataya ta a kafaɗa ya yi gaba. Na bi shi a baya har Bristol Road, hannuna ba komai.